Binne

Fasto ya wuce Sumaila tun asuba,
ɗansa ya kwana da zazzaɓi.
Ya tsaya a bakin dangana, bai ko kashe babur ba,
ya ce, "Nomau, yau kai za ka buɗe sujada."
Kafin in ce ni wa, ya sha kwana.

Ni da karatuna sai da ɗan yatsa,
baƙi bayan baƙi, kamar mai kalar gyaɗa.

Na je gindin maina
inda tsohuwar garma take rataye, ita ce ƙararrawarmu.
Na buga, kurciyoyi suka watse.
Na sake bugawa don mutanen hayi.

Lahadi ta biyu ke nan da Ista.
Kabar da yara suka ɗaura a ƙofa ta bushe ƙayau,
ba wanda ya ga dama ya kwance ta.
Bazara ce, tun hantsi kwanon rufi yake ƙara,
randar bakin ƙofa har ta kai rabi.

Ga Rifkatu da goyo, ga wani a hannu.
Ga Baba Jatau da sanda, kunnensa ɗaya ke aiki.
Matan Zumunta sun shigo da anko,
Istifanus ɗan birni yana kaɗe dakali da hankici.
Malam Hudu ya bi ta baya da jakinsa, mangala cike da taki,
ya ɗaga murya: "In kun shiga, ku sa da ruwan sama!"
Na ce, "An sa."

Sai idona ya faɗa layi na biyu, jikin taga.
Nan Kande take zama.
Tulunta na kiɗa yana nan a lungu,
gizo-gizo ya yi masa marfi.
Bayan kaka muka kai ta, dawa na kan daɓe,
ba ta ci sabon tuwo ba.

Na miƙe gaban jama'a.
Duk abin da na tsara a hanya ya gudu.
Takarda na rawa a hannuna,
wani jariri ya yi atishawa,
shiru ya yi tsawo har Rifkatu ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Jama'a, jiya na yi binne."
Yara suka yi dariya. Na bar su suka gama.

Na ce, "Kwano uku na gero, irin da ta zaɓa da hannunta,
na sauko da shi daga rumbu,
na zuba a ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa.
Ko gajimare babu.
Zabi na kallona, gara na jira.
Duk wanda ya ga manomi ran binne
zai ce asara yake rufewa da diddige.
Amma ba a taɓa ganina na koma gida ina kuka ba,
don na san abin da ƙasa take yi
ran da sama ta yi magana.

Shi ma haka aka rufe shi, da dutse.
Kwana uku.
Ban iya faɗa kamar fasto ba.
Ku tashi tsaye, mu shiga gabansa.
Almasihu ya tashi."

Ɗaki ya amsa har kwano ya ɗauka:
"Hakika ya tashi!"
Baba Jatau ya amsa nasa shi kaɗai,
bayan kowa ya yi shiru.

Lami, jikanyata, ba wanda ya aike ta,
ta je lungu ta jawo tulun,
ta share bakinsa da gefen zani.
Bugun farko bai fita ba.
Asabe ta matso ta gyara mata hannu.

Na buɗe shafin da fasto ya sa wa tsinke,
na aza yatsa a kan baƙin farko.