Daren da Famfo Ya Yi Tari

Ƙarfe uku na dare famfon gidanmu ya yi tari,
kwana tara rabonsa da ɗigo.
Ba wanda ya tashe ni.
Sai ga ni tsakar gida ba takalmi,
bidon a dama, bokiti a hagu,
ina ƙwala wa Damaris kira ta fito da tulu.
Sabon Gari duk ta farka,
ƙarar robobi kamar Kasuwar Dole ran Alhamis.

Ina tsugune, ruwa na zuba siriri kamar zaren baduku,
sai tambaya ta dafa kafaɗata:
Barnaba, yaushe rabonka
da ka yi irin wannan tashi saboda Ni?

Shekara goma sha ɗaya benci na uku nawa ne,
gefen taga, inda iska ke shigowa.
Baikona ba ya latti.
Nakan san inda amin za ta faɗo tun fasto bai kai ba.
Baki na waƙa,
zuciya na can majema tana ƙirga fatu.
Littafina na ƙarƙashin rediyo,
takardar kuɗin wutar bara ce alamar inda na tsaya.

Ban yi sata ba, ban juya baya ba.
Randa dai na zama
da aka cika tun damina aka kife da faifai,
a taɓa ta waje, sanyi,
a leƙa ciki, gansakuka da ƴaƴan sauro.

Shekarar da ruwa ya kwantar da majami'armu ta laka
gindin bedi muka yi sujada,
rana na dukan ƙeya, ba mai duban agogo.
Yanzu ga siminti, ga fanka,
ni kuma ga hamma.
Mama Afiniki, da idonta ya tafi, ta taɓa ce mini:
"Ɗana, addu'arka ta yi ƙiba, ba ta iya gudu."
Dariya na yi ran nan.

Duwatsun Birni ma, da suke duwatsu,
sukan riƙe zafin rana har tsakar dare.
Ni Lahadi ba ta kai mini Litinin.

Bidon ya cika ya tumbatsa,
Damaris na faɗa, ana ɓarnar ruwa.
Nan cikin caɓi gwiwata ta sami ƙasa.
Ya Yesu, kada Ka ƙara sabo bisa tsohon nan.
Karkata ni, zubar,
sa hannu har gindi Ka kankare,
ko da zai yi zafi.
Mayar mini da ƙishina.

Da asuba na ɗaga rediyo,
na zare takardar wuta.
Ba wani haske da ya sauko.
Shafi ɗaya na karanta, sau biyu gyangyaɗi na sace ni,
sau biyu ina komawa farkon layi.

Gobe ba lalle famfo ya kawo ba.
Na ce da Damaris,
ƙarfe uku, ko ya yi tari ko bai yi ba,
ta taɓa ƙafata.