Makiyayin Ƙarfe

A saman gidan haya, unguwar Sabil ta Jidda,
bayan Isha, gumi bai sallame mu ba,
Muntaka ya ɗora katako kan jarkoki huɗu,
ya jera rusassun benaye na kwali,
garin da ba a gina ba, har an ci shi da yaƙi.

Ni ina juya shi a tafin hannu,
ɗan mutum na roba, bai kai babban yatsa ba.
Dare uku na yi ina masa fenti
da buroshi mai gashi huɗu:
riga ruwan tsatsa, ido ɗaya kore,
sanda mai eriya a dama.

Maki casa'in ne kuɗinsa a littafin doka.
Casa'in! in ji Muntaka.
Da su ka sayi igwa mai tsallake tebur
har a ba ka canji.
Bindigarsa ba ta huda gwangwani,
tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa,
ƙwayar ludo ɗaya ta faɗi daidai, sai jana'iza.

Ban musa ba.
Amma auna mini taƙi guda daga ƙafarsa.
Mutum-mutumin da ke cikin wannan da'ira
yana jin magana.
A ce harba, ya harba sau biyu.
A ce tsaya, ya zama katanga.
Ƙarfe uku masu kan tukunya,
in babu shi, kayan gwangwan ne masu tsada.

Muka jefa.
Zagaye na farko na ɓoye shi bayan tankin kwali,
garkensa ya cinye gefen hagu kamar fāra a gero.
Muntaka ya bar shayinsa ya huce.
A na uku na yi zari, na matso da shi taku biyu,
wani maharbi daga kan hasumiya
ya samu shida.

Doka ta ce in makiyayi ya faɗi
garke ya ci gaba da umarnin ƙarshe.
Na ƙarshen kuwa, ku tsaya nan.
Suka tsaya.
Ana ta yaƙi a can, suna gadin fili ba kowa.

Sai na tuna Kaka Ɗantsoho,
da ya taka ƙasa daga Haɗeja har bakin teku,
ya ce wa 'ya'yansa, ku dakata a nan,
bayan hajji mai zuwa sai gida.
Yana maƙabarta shekara arba'in.
Ga mu.

Muntaka ya ce, to, yanke hukunci,
ya ci casa'in ko bai ci ba?

Jirgi ya yi kuka daga tashar ruwa.
Na ɗauke shi, na hure ƙurar kwali daga rigarsa.
Ya ci, na ce, in ka iya ɓoye shi.
Amma kafin ka fito da shi fili
ka san kalmar da za ka bari a bakinsa.