Sauran Kogin

Ƙarfe biyun dare, Unguwar Mu'azu,
wuta ta dawo ba ko sallama.
Na sauko daga katifa na jona kwamfuta,
fanka ta fara tarinta,
sunaye ɗari uku da sha ɗaya suna jirana a layi.

Shekara biyu da wata biyar ke nan
da na ba su ɗanɗano irin na mai tsire,
yanka guda a bakin wuƙa:
kwalekwale ɗaya, zango uku,
da kada kwance ƙarƙashin gada yana jiran mai ganganci.
Da an wuce gadar sai allo ya yi baƙi,
rubutu ya fito: saura na nan tafe.
Ni na rubuta da hannuna.
Ban san bashi na ci ba
sai da aka fara yi mini sallama a kansa.

Nazifi mai keke ya fi kowa naci.
Tsakanin Kawo da Kasuwa, in fasinja sun yi wuya,
yakan haye zangon nan uku har yatsansa ya haddace.
Duk Juma'a saƙonsa ɗaya:
Injiniya, har yau ruwan bai janye ba?

Rifkatu ta Sabon Tasha ce ta gano
in ka karkata hagu sau biyu wajen dutsen wanki
kwalekwalen na nutsewa cikin ƙasa, ba cikin ruwa ba.
Kwana tara ina laluben ɓarakar.
Ashe waƙafi ne guda
na ajiye a gidan da ba nasa ba.

Ba su san batir ya kumbura ya ɗaga madannai ba,
ko cewa na koma koyar da lissafi a Tudun Wada
don kuɗin data da na haya,
ko safiyar da na tsuguna a gaɓar Kabala
ina ɗaukar ƙarar ruwa da waya
wani mai wanki ya yi tari a tsakiya.
Na bar tarin.
Yana zango na tara, mai kunne zai ji.

To, yau ga shi, zango ashirin cif,
har inda kogin ya fita gari ya shiga ciyayi.
Na ce wanda ya ɗanɗana ba zai biya ba,
kowa da mabuɗinsa.
Ɗaya bayan ɗaya nake turawa,
ina kiran sunan a bakina
kamar mai rabon naman layya.

Kafin kiran assalatu waya ta fara ɓari.
Nazifi: data ta yanke a kashi tamanin, amma yau ba aiki!
Rifkatu ko godiya babu,
hoton wata sabuwar ɓaraka ta turo.
Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabci ya buga bango.

Lambobi arba'in da wani abu shiru,
an sayar da waya, an sake layi, an girma.

Sai ga saƙo daga lambar Muttaƙa,
yaron da makinsa ke saman kowa tun bara:
Wannan mahaifinsa ne.
Allah ya yi wa Muttaƙa rasuwa da azumi.
Wayar tana hannun ƙanensa,
ya ce a tambaye ka yaya ake wuce kadan nan.

Na daɗe ina kallon allon.
Fanka ta tsaya, sun ɗauke wutar.
Cajina saura kashi shida.

Na rubuta: Allah ya ji ƙansa, Baba.
A gaya wa yaron kar ya yi sauri.
In ya zo gindin gadar ya ɗaga filafili,
ya bar ruwa ya ɗauke shi.
Haka yayansa ke yi.