Kwalaben Wardiyya

Shekara goma sha tara ina ƙirga kuɗin mutane
a bayan gilashi, a Beirut,
ina lasar yatsa, ina juya takarda.
Duk kaka uwata Wardiyya ta aiko mini kwalba,
ni kuwa in ce, Mama, kasuwa ba ta mutu ba,
me ya kai ki wahalar da kanki?
Ta ce, kasuwa ba 'yar ɗakinku ba ce.

Sai ga shekarar da banki ya sa kwaɗo a ƙofa.
Kuɗina na ciki, ni ina waje,
muna kallon juna ta tsakanin ƙarafa.
Albashin wata ya koma kuɗin kaji biyu,
daga baya kaza ɗaya,
daga baya ƙafafunta.
Na kwashi Rima da yara da jaka uku
muka hau dutse ta hanyar da na bi na gudu.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba.
Wuƙa ta miƙo mini, da kwandon yalo.

Na koyi abin da na raina.
A dafa alkama a tukunyar da za ta ci maraƙi,
a shanya a kan soro, a yi ta korar tsuntsaye da tsumma,
a kai wa Tanyus ya ɓarza, ya ɗebi mudunsa a bakin lada.
Rabi a jiƙa da nonon akuya, ya kwana tara yana tsami,
kullum da asuba a murza da tafin hannu
har hannun da ya saba da biro ya tsage.
Ƙananan yalo a cusa musu barkono da tafarnuwa
da gyaɗa, don abin da aka saba sawa ya fi ƙarfinmu bana,
a nutsar da su cikin man zaitun har wuya.
Ɓaure a igiya. Tumatir a faranti, rana na shan ruwansa.
Rumman buhu guda ya kwana a wuta
ya wayi gari kwalba ɗaya.

A ɗakin ƙasa ba ta ƙirga da lamba.
Wannan kantar ta farkon sanyi ce, in ji ta,
wannan ta ranar da ƙanƙara za ta toshe hanya,
ta can ƙurya kuwa ba tamu ba ce.
Ta wa? Ta duk wanda ya ƙwanƙwasa.
Na yi shiru, amma ma'ajin da ke cikina ya ɓata rai.

Ba ta sani ba, ni na rage gishiri.
Na rage mai, yatsa biyu a kowace kwalba,
na rubuta ribar a bayan kwalin ashana, ina jin daɗi.
Tsakiyar hunturu na sauka da kyandir
na tarar da fumfuna ta yi furfura a kan sha ɗaya.
Wata guda na cikin 'ya'yana, na zubar bayan katanga
kafin kowa ya tashi.

Ta gani. Mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Ta ɗaura gyale ta fita cikin ƙanƙara, ba ta ce mini uffan ba.

Da yamma matar Tanyus ta shigo da kwalba huɗu.
Gwauron da ke gyaran famfo ya kawo biyu.
Wata tsohuwa da ban san sunanta ba
ta ajiye uku a bakin ƙofa, ta juya.
Na duba murafen a hasken kyandir:
rubutun uwata ne, na bara, na bara waccan,
kwalabenta ne suka dawo gida da cikin wasu.

Tara, ba sha ɗaya ba. Har yanzu ina ƙirgawa.

Daren nan babu wuta, kamar jiya.
Miyar alkama da nono na tafasa a kan murhun itace,
'yata Yara tana yanka takardun banki na dā
tana liƙa wa kwalaben baɗi suna.
Ta tambaye ni gishiri nawa ake sawa.
Na ce, je ki tambayi kakarki,
kuma duk abin da ta ce, kar ki rage.