Rabin Ƙwaya

Rediyo ya ce an sassauta haraji,
magani zai sauko kamar ruwan Agusta.
Na wanke baƙin mai daga hannuna,
na nufi kemis ɗin Barmo a Ƙofar Marusa.

Barmo ya sauke tabarau kan hanci:
"Wannan kwalin da tsohon farashi na saro shi.
Mai arhar kuwa, jami'ai sun zo ran Laraba,
suka ce ba lamba, suka kwashe."
Ban yi musu ba. Wataƙila alli ne a cikinsa.
Amma allin nan ya san girman aljihuna.

Na ƙirga masa kuɗin faci goma sha ɗaya,
ya yanko mini ƙwaya shida da almakashi.

Yanzu kullum bayan isha'i
Iya Tasalla kan ɗauko reza,
ta tsaga ƙwaya gida biyu a faranti,
ta dangwali garin da ya zuba, ta lashe.
"Hawan jinin ma ya koyi haƙuri," in ji ta,
"ai shi ma ɗan ƙasa ne."

Ta yi dariya. Ni na fita zaure,
na tsaya kan tayar keken da ban gama liƙewa ba.