Tukunyar da Ba Ta San Mai Ba

Nas ta faɗa, ta maimaita, ni take kallo ba Huwaila ba:
"Bakwaini ce. Cikinta bai san wasa ba tukuna.
Wanki da sabulu rabin aiki ne.
Abin da ke kayar da jariri ba ya ganuwa."

Ranar Asabar na lulluɓe keken ɗinki,
na hau a-daidaita daga Hayin Banki,
kuɗin adashe na gumi a aljihun gaba.

Shagon Obiora, layi na uku bayan masu atamfa.
Ya jera min su kan kanta kamar 'yan takara.

Na farko fari tas, murfinsa kamar hular kwano,
fida shida yake haɗiyewa.
"Zuba ruwa kaɗan, danna nan,
tururi ya gama komai kafin ka sallame sallah."
Na shafa shi. Na ɗaga igiyar wutarsa,
sai na tuna taransifomarmu
da ta yi tsawa tun watan azumi,
har yau muna karo-karo.

Na biyu kwano ne kawai,
wai cikin na'urar ɗumama abinci ake sa shi.
Na ce, "Ga guga, Obiora, ina rijiyar?"
Ya yi dariya ya mayar kwali.

Na uku ɗan bokiti ne da ƙwayoyi a leda.
Jefa ɗaya a ruwan sanyi, ka jira.
Ba lantarki, ba gawayi.
Na shinshina:
warin barandar asibiti,
inda na kwana goma sha ɗaya kan benci
ina leƙen 'yata a cikin kwalba,
tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba.
Na ajiye ledar a hankali.

Na fita bakin kwata na kira gida.
Ina jin Rumasa'u na ƙananan kukanta
kamar ƙyauren da ke neman mai.
Na karanta wa Huwaila farashi ɗaya bayan ɗaya.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
"Wanne ne zai tashi tare da ni ƙarfe ukun dare?"
Can baya Inna ta ɗaga murya:
"Ku bakwai na raina, tukunya ce shaidata!"
Ban tuna mata ba
cewa tara ta haifa.

Na koma na tsaya gaban farin nan.
Wallahi na so shi.
Na so maƙwabta su shigo barka su gan shi kan tebur,
su san ɗinkin Sallah ya yi albarka.

Amma na sayi ƙwayoyin, don ranar da gas ya ƙare,
da burushi mai siririn wuya,
da awartakin roba don kada yatsa ya taɓa kan fida.
Na gangara wajen masu tukwane
na zaɓi sabuwa mai murfin gilashi.
Obiora ya ce in wuta ta dawo in dawo.
Na ce in sha Allah, kuma ba ƙarya na yi ba.

Yanzu tana da ƙusarta ita kaɗai a kicin.
Ba ta san manja ba, ba ta san daddawa ba.
Inna ta taɓa miƙa hannu za ta dafa ƙwai,
muka yi mata caa mu biyu.

Ƙarfe uku. Unguwa baƙi ƙirin.
Huwaila na tatsa, kanta jingine da bango.
Ni ina tsugune da tocilan a baki,
fida huɗu na juyi cikin tafasa
suna ƙwanƙwasa gindin tukunya.
Minti goma, in ji nas.
Ina ƙara biyu,
ban gaya wa kowa ba.