Kujerar Ottmar

Shekara talatin da shida allon darar nan yana kan teburina,
a bene na uku, a Lübeck, inda taga ke kallon kogi.
Katako ne mai duhu, kowane gida da 'yar jar fitilarsa,
ƙwaƙwalwar kuma tana cikin aljihun ƙasa.
Ya ci ni ya fi sau dubu.
Bai taɓa ce mini sannu ba.

Tun da Ottmar ya kwanta dama
ɗaya kujerar ta koma wurin rataye kwat.
Shi yakan yi gyaran murya kafin ya ɗaga doki,
da haka nake gane ya haƙa mini rami.

Ran Asabar jikata Wiebke ta zo da waya a jaka.
Ta ce, Kaka, yau za mu haɗa shi da kwamfuta,
ka samu abokan karawa masu numfashi.
Bakin wayar siriri, na allon mai haƙora tara,
ko kusa ba su ga juna ba.
Ta sauka kanti ta dawo da mahaɗi,
kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙon ba.
Ta kashe, ta kunna, ta yi tsaki,
ta sauya lambar ƙofa daga uku zuwa huɗu.
Shayi ya huce.
Na ce, bari, tsoho ba ya koyon sabon yare.
Ta ce, da wa kake, kai ko allon?

Tara saura kwata fitilun suka kama gaba ɗaya,
suka mutu, ɗaya ta rage tana ƙiftawa.
Suna ya fito a gilashi: Eulalia, daga Valparaíso.
Can rana ba ta faɗi ba tukuna.

Na tura sojan gaban sarki.
Fitilu biyu suka amsa,
na ɗauki baƙin dokinta na kai mata inda take so.
Ta ari hannuna daga bayan teku,
hannun da ke rawa in zai ɗaura maɓalli.

A taku na goma sha tara, shiru.
Minti ɗaya, uku, huɗu.
Wiebke ta sunkuya za ta duba ko waya ta zare.
Na ce, kul, kada ki taɓa.
Na san wannan shirun,
mutum ne ke tunani.

Sai ga shi ta ajiye sarauniya a bakin dokina,
kuskuren da injin bai yi mini ba ko a mafarki.
Rubutu ya biyo, Wiebke ta fassara:
yi haƙuri, jaririna ne ya farka.

Na ci sarauniyar. Dara ba ta san sabo ba.
Amma na daɗe riƙe da ita kafin in sa ta a akwati.

Da na tashi ɗora ruwan zafi
sai na ga na sauke kwat daga kujerar,
na kuma fito da kofi uku.